Akwatin Goggo

Har yau idan na wuce shagon kafinta na ji ƙamshin sabon katako, sai in ƙara sauri. Akwatin gawar Goggo yake tuna min.

Goggo ƙanwar Babana ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Mu jikokin fataken goro ne na Djougou, a ƙasar Benin. Ita kuwa ta auri wani ma'aikacin jirgin ƙasa a Parakou, mutumin kudu, daga baya ta bi shi coci. Dangi suka ɗauke ƙafa. Ni dai aka bar mata, saboda Kaka ta ce ba a ƙwace riƙo. Kada ka ɗauka ta ja ni addininta. Ita ke tashina sallar asuba, wani lokaci har da ranƙwashi.

Cocin nasu ɗan ginin laka ne a bayan unguwar Guéma, a Parakou, mai rufin kwano. Da damina in ruwa ya sauko ba ka jin wa'azi, sai su kama waƙa da tafi har ya tsagaita. A irin wannan damina Goggo ta kwanta ciwo. Matan coci ke karɓa-karɓa, wannan ta yi mata wanka, waccan ta kawo sakwara. Daga Djougou ko kare bai leƙo ba. A gabana ta ce wa mijinta a binne ta a bayan coci, cikin mutanenta.

Da ta cika, suka ajiye gawar a asibiti suna jiran dangin miji, yadda suka saba. Labari ya isa Djougou cewa 'yar gidanmu na kwance cikin ƙanƙara kamar kifi. Ranar jana'iza da hantsi, ana cikin waƙa, babbar mota ta tsaya a ƙofa. Baba ya diro, da ƙanensa Baffa, da samari riƙe da sanduna.

Fasto, wani tsoho siriri, ya tare su da hannu biyu. "Alhaji, bismillah, ku zauna. 'Yar'uwarku ce."

Baffa ya sauke masa sanda a goshi. Jini ya wanke masa fuska, ya zube. Mazan coci suka ɓalle ƙafafun benci suka yo kansu. Na ji ƙarar karyewar hannun Baffa, na ga haƙoran wani saurayi a ƙasa. Mijin Goggo ya kife a kan akwatin, aka ja shi ta ƙafa, haɓarsa na bugun daɓe. Baba ya ɗaga gatari ya dinga saran murfin.

Na riƙe masa riga. "Baba, ta ce nan take so."

Ya kwaɗa min marin da har yau kunnen hagu bai dawo daidai ba. Kuma kuka yake yi, hawaye har gemu. Suka ciro gawar suka naɗe ta a tabarma, suka jefa ni mota tare da ita. Kafin magariba an rufe ta a Djougou.

Daga baya na ji 'yan cocin sun harhaɗa katakon da ƙusa, suka sa ɗankwalinta na Lahadi a ciki, suka binne shi haka a bayan coci.

Baba ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma ban gama yafe masa ba, gaskiya ke nan. Yanzu da na dawo Parakou da zama, cocin ya zama na siminti, da lasifika, matan unguwarmu na sayar da ƙosai a ƙofarsa ran Lahadi, ba mai ɗaga wa wani murya. Kabarin Djougou kuwa ba alama, ruwa ya baje shi. Na kai Baffa da tsufansa ya nuna min, ya yi ta zagaye, ya kasa.

Shi ya sa idan kewarta ta dame ni, sai in hau babur in tafi Guéma da hijabina. Matan coci su ba ni tsintsiya in share inda suka binne akwatin, in ɗaga hannu in yi mata addu'a. Na san sarai ba kowa a ƙasan.