Matar Da Ta Koya Mana Tambayar "Wa Ya Ce?"

Ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ƙofar laburaren makarantarmu. Tagogi take fara buɗewa, har da na tsakiyan nan da sai an doke shi da tafin hannu yake yarda. Ta goge tebura, ta yaye ƙyallayen da take rufe kwamfutoci shida da su, ta kunna su ɗaya bayan ɗaya. Ta huɗun sai an lallaɓa ta take tashi. Kafin a buga ƙararrawa ta riga ta rubuta labarin ranar a allo, wani abu da ta ji ana yaɗawa a waya. Gaskiya ne ko ƙarya, ba ta faɗa. Aikin ɗalibai ne su gano kafin a tashi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana riƙe da ɗakin, kuma ƙarshen zangon nan za ta yi ritaya. Ni malamin lissafi ne, bango ɗaya ya raba ajina da ita, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Malama Wa-Ya-Ce. Duk wanda ya kawo mata zance, ko shugaban makaranta ne, sai ta sauke tabarau ta ce, "Wa ya ce? Yaushe ya ce? Shi kuma a ina ya samo?" Ba ta taɓa jin haushin sunan ba, har amsawa take yi.

Da almakashi ta fara. Shekaru tana yanke jaridu tana jerawa a fayil. Tana da shekara hamsin aka tura ta wani taron bita, a can ta ji labarin rumbun bayanai: tarin tsofaffin jaridu, da rubuce-rubucen masu bincike, da bayanin sana'o'i ɗaruruwa, duk a intanet, kuma makaranta na iya samun izinin shiga in ta nema. A lokacin ko sunanta ba ta iya bugawa a kwamfuta ba. 'Yarta ta fari ta zaunar da ita tana koya mata, suna yi suna faɗa.

Shekara uku tana rubuta wasiƙun neman izinin. Ana haka shugaban makaranta na wancan lokaci ya kira ta.

"Malama, ɗakin nan fa muna so mu mai da shi sito. Karyayyun kujeru sun yi mana yawa."

"Ranka ya daɗe, kujeru ba sa rubuta jarrabawa."

Ya yi dariya, amma washegari kujerun suka iso. Ta sa aka jere su a baranda, ta kulle ƙofarta. Sau biyu ana haka, a na uku ya haƙura. Ranar da izinin ya zo, ta leƙo ajina da takardar a hannu, tana ta ɗaga ta sama.

Malama, ke ce ba ki gaji ba lokacin da mu muka gaji da jin zancen. Muna ganinki a layin ofis muna cewa rigima ce ta tsufa. Ki yafe mu.

Ban san darajar ɗakin ba sai ranar da abin ya faɗo kaina. Wata Laraba da safe wani hoto ya bazu a wayoyin iyaye: bayan wani yaro duk ya saɓule, an rubuta cewa malamin lissafi na makarantarmu ne ya yi masa duka. Kafin tara iyaye sun cika bakin get. Abokan aiki suka tura ni ofishin malamai suka rufe. Ina jin ana kiran sunana daga waje.

Malama kaɗai ta fita. Ta nufi wanda ya fi kowa ɗaga murya, wani mai walda da ya taho da kayan aikinsa a jiki.

"Ɗan'uwa, minti goma nake roƙo. In gaskiya ne, ni zan fara kai ƙararsa."

"Malama, ga hoto muna gani da idonmu!"

"Na gani. Ɗan waye? Ajinsu nawa? Wa ya ɗauka?"

Ba wanda ya sani. Ta shigo da mai waldar laburare tare da wasu iyaye biyu, ta sa aka kira 'yarsa da ke ajin ƙarshe, ta zaunar da ita gaban kwamfuta.

"Yi abin da muka saba."

Yarinyar ta bi sawun hoton har ta gano jaridar da ta fara buga shi, ta buɗe rumbun ta ciro shafin. Shekara huɗu da suka wuce ne, a wata ƙasa dabam, kuma ba duka ba ne, ruwan zafi ne ya zube wa yaron a gida. Mai walda ya sa ta karanta masa sau biyu. Ya fita da kansa ya sallami mutane, sannan ya zo ya same ni.

"Malam, ka yafe ni. Ni ma na tura wa mutum tara."

"To, koma ka tura musu gaskiyar," in ji Malama daga bayansa. Ta tsaya a kansa har ya gama da na tara.

Yarinyar nan likita take so ta zama, sai makinta bai kai ba. Ta zo laburare ta kifa kai a tebur tana kuka. Malama ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta buɗe mata ɓangaren sana'o'i. Kwana huɗu suna dubawa: me aikin ya ƙunsa, wane karatu yake buƙata, shekara nawa. Yarinyar ta tsaya a kan aikin gwajin jini. Uban ya ce in ba likita ba, ta zauna ta taya uwarta tsaron shago. Malama ta buga shafukan a takarda, ta je har rumfar waldarsa, ta tsaya cikin ƙarar injin tana karanta masa. Sai a zuwa na uku ya kashe injin ya saurara. Yau yarinyar tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti.

Ba zan ce ba ta da aibi ba. Tana da faɗa, kuma ta taɓa korar mataimakin shugaba saboda ya shigo yana tauna gyaɗa. Amma ran da ta ce wa ɗalibai wani labari ƙarya ne, ya kuma tabbata gaskiya ne, washegari da safe muka tarar ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe: "Jiya na yi kuskure. Ga inda na kauce."

Uwar masu tambaya, ke ce kika hana 'ya'yanmu haɗiye duk abin da aka miƙo musu. Ke ce kika nuna wa wanda ƙofa ɗaya ta rufe masa cewa akwai sauran ƙofofi. Ni kuwa kin wanke ni a ranar da ba ni da bakin kare kaina. Na gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki.

Sai dai har yanzu ba a turo wanda zai gaje ta ba, kuma izinin rumbun sai an sabunta shi duk shekara da rahoton yadda aka yi amfani da shi. Ta ce ba za ta tafi ta bar shi ya mutu ba. Duk Asabar tana koya wa malamai biyu aikin, ni ne na uku, kuma ni ta fi yi wa faɗa.

Malamai 'yan'uwana, da iyaye, kowa ya je ya duba laburaren makarantar 'ya'yansa. In a rufe yake, a nemi a buɗe. In an ƙi amsa wasiƙar farko, a rubuta ta biyu. Namu dai ba zai rufe ba muddin ina makarantar nan.