Ƙugiyoyin Mahauta a Jikin Tiren Waya

Cikin duk ranakun aikina, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na kashe wa mahautan Fatakwal wutar ɗakin sanyinsu, alhali nama na maƙare a ciki. Ku sababbin shiga da kuke cewa na cika faɗa a kan noti guda, to ku buɗe kunne.

Da damina ne, shekarar da aka ɗaga ni daga mai haɗa waya zuwa foman. Foman shi ke tsakanin injiniya da ma'aikata: injiniya ya zana, shi kuma ya tabbatar an yi yadda aka zana. Ƙungiyar mahauta ta haɗa ƙarfi ta gina ɗakin sanyi a wajen Borokiri, da babban zaure a gabansa inda ake sassara nama, aka ba kamfaninmu aikin wuta. Ni kuwa ɗan gida ne. A unguwar aka haife ni, mahaifina, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, kuma Sarkin Fawa, Alhaji Mamman, amininsa ne tun suna samari.

Ga wanda bai sani ba, tiren waya dogon ƙarfe ne kamar indararo, mai huji-huji a ƙasansa. Ana rataye shi a sama a kwantar da manyan wayoyi a ciki, ba sai an fasa bango ba. Hujin don iska ta ratsa wayoyin ne kada su yi zafi, ruwa kuma kada ya taru. Ana auna nauyin wayoyin a sa maƙalai daidai da shi, daga nan ba a ƙara masa komai, ko tsani ba a jingina masa. Duk inda gaɓa biyu suka haɗu kuma, sai a ɗaure su da guntuwar wayar ƙasa, wadda muke cewa atin, don in wuta ta taɓa ƙarfen ta gudu ƙasa, bureka, wato makunnin da ke katse wuta, ta faɗi kafin wutar ta kama mutum. Haka muka ja namu, daga allon wuta, ya ratsa zauren, har zuwa injin sanyi. Injiniyarmu, Madam Ngozi, ta duba ta gamsu, muka miƙa aiki.

Bayan 'yan makonni, wata Juma'a da hantsi, na koma zagayen da muke yi wa kowane sabon aiki. Ina sa ƙafa a zauren na ce, "Innalillahi!" Tirena ne, daga wannan bango zuwa wancan, ƙugiyoyi reras a cikin hujin, cinyoyin shanu sai reto suke yi. Tsakiyarsa ta lotsa kamar igiyar shanya. Ƙasa jagab da ruwa, mahauta na kai da kawo, wasu da silifa, wasu ko takalmi babu.

Ɗanliti, wani mahauci da muka yi wasan ƙasa tare, ya taho yana washe baki. "Sabi'u ɗan boko! Allah ya yi maka albarka. Wannan maratayi da ka yi mana, ko a Legas ban ga irinsa ba. Har huji ka fasa mana!"

Na ce, "Ɗanliti, in ka taɓa ƙugiya ba ka jin komai?"

"Tana ɗan cizo, amma ai sanyin ɗakin ne."

Na ciro testa, abin gwada wuta, na ɗora a kan ƙugiya ɗaya, fitilarta ta kama jawur. Na daka tsawa kowa ya ja baya, na ruga wurin allon wuta na sauke bureka, na sa mata kwaɗo, na jefa makullin a aljihu. Ka'ida ke nan, wanda ya kashe shi ke riƙe makulli har a gama gyara. Injin sanyi ya yi tsit, zauren ma ya yi tsit. Da na hau na duba, nauyin nama ya buɗe gaɓar tsakiya, atin ya tsinke, bakin ƙarfen kuma ya ci robar babbar waya har jan ƙarfenta ya leƙo. Shi ya sa bureka ba ta faɗi da kanta ba. Na kira Madam, ta ce, "No open am for anybody, I dey come," wato kada in kunna wa kowa, tana nan tafe.

Ina saukowa na tarar da Alhaji Mamman a tsaye. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Sabi'u, ka san abin da ke cikin ɗakin nan? Jarin marasa ƙarfi ne. Masu otal da masu biki suna jiran naman nan. Kunna mana, mu sauke ƙugiyoyin, Litinin ka zo ka yi gyaranka."

"Baba, ko an sauke su, wayar ta riga ta ji ciwo. Ba zan iya kunnawa ba."

"Ni ne fa nake roƙonka."

Wallahi ban taɓa jin nauyin magana irin wannan ba. Mutumin da ya tsaya mana bayan rasuwar mahaifina, ga shi ya miƙo mini hannu a gaban jama'a. Daga bayana kuma ina jin wani yana cewa ɗan mahauci ya sa hular kwano ya manta warin nama. Amma ban sa hannu a aljihu ba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri ka tambaye su abin da suke ji a ƙugiyoyin."

Ya juya. "Ɗanliti, me kuke ji?"

"Ɗan cizo ne, Baba, tun shekaranjiya. Ai kai ma ɗazu da ka gyara cinyar can, na ga ka yarfe hannu."

Tsoho ya dubi tafin hannunsa, ya dubi ruwan da ke ƙarƙashin ƙafafun mutanensa. Can ya ce, "Yaushe za ka gama?"

"Gobe kafin la'asar, in Allah ya yarda. Amma a daina buɗe ƙofar ɗakin, sanyin da ke ciki shi ne gatanmu."

"To yi naka, mu yi namu. Tun ba a yi firji ba muke fawa."

Ranar na ga aiki, jama'a. Kafin a tafi masallaci Alhaji Mamman ya aika wurin mata masu sayar da kifi a bakin ruwa, aka riƙa turo ƙanƙara a baro, lulluɓe da buhuna. Aka buɗe ɗakin aka jibga ta, aka rufe, ya ja benci ya zauna a bakin ƙofar da carbinsa, ya ce ya ga wanda zai wuce. Naman da ke zaure aka rarraba wa masu tsire, daga Borokiri har Rumuokoro. Wanda ya ragu, dattawa suka yanyanka shi suka hura wutar banda a bayan gini, suna ta yi wa samari gorin ba su iya komai ba sai danna waya.

Madam ta iso da sabuwar waya, ta ce ba zancen naɗe ciwon da salatif, duk tsawon za a canja. Muka sauke gaɓar da ta lanƙwashe, muka ɗaga tiren gaba ɗaya sama inda hannu ba ya kaiwa, muka ƙara maƙalai, muka ɗaure atin a kowace gaɓa muka gwada da mita. Tana tsaye tana kallon mahautan suna fama da cinyoyi a kafaɗa, sai ta tambaye ni, "To da can a ina aka ce su rataya?" Babu. Wanda ya zana ginin bai sa maratayi a zauren ba. Nan take ta sa aka nemo mai walda, ya kafa kakkauran bututu a kan ginshiƙansa daga ƙasa, nesa da tire. Ɗanliti ne ya ɗaga hannu aka auna tsayin, yana ta baza haƙora wai shi ma ya zama injiniya.

Asabar bayan azahar muka gama gwaji. Na cire kwaɗon na ɗaga bureka, inji ya ɗauka. Amma ba wanda ya yi murna tukuna, don ba a san halin da ciki yake ba. Alhaji Mamman ya tashi daga bencinsa ya buɗe ƙofar, ya shiga shi kaɗai. Muna hangensa yana danna tsoka da yatsa, yana shinshinawa, daga wannan rataye zuwa wancan. Ni dai addu'a kawai nake yi. Ya fito yana goge hannu a rigarsa, ya ce, "Nama lafiya lau." Zauren ya ɗauki kabbara.

Abin da na koya shi ne, mutane ba mugunta suke yi wa aikinmu ba, amfani suke nema. Mahauci in ya ga ƙarfe mai huji a saman kansa, ƙugiya zai sa, kuma shi a wurinsa ya yi daidai. Don haka kafin ku kafa tire a ko'ina, ku tsaya ku kalli yadda masu wurin ke aiki, ku gaya musu abin da zai bi ta cikinsa. In kuma ta kama ku kashe wuta, ku kashe, ko wa ke roƙo. Ina naɗe kayana ran nan Alhaji Mamman ya dafa kafaɗata, ya ce a hankali, "Da ka ji maganata jiya, ɗana, da yau zaman makoki muke yi."