Ranar da Orville Ya Kalli Dandamali

Ƙanena Orville tun yana yaro shi ne ɗan gaban goshin Mama. Ni a aji shida na tsaya, na bi Baba kamun ƙaguwa da kwale-kwale a gaɓar tekun Chesapeake. Shi ya zama matuƙin jirgin saman yaƙi, irin masu sauka a kan jirgin ruwa. Hotunansa uku a falo. Nawa ɗaya, shi ma a bayan firji.

Gaskiya ya iya. Wayoyi huɗu ake shimfiɗawa a dandamalin jirgin ruwan don ƙugiyar jirgin sama ta kama ya tsaya, ta uku ake so. A gefe akwai fitila mai nuna maka ka yi sama ko ka yi ƙasa. Shekara ashirin yana mana wa'azi a bakin abinci: "Fitila ake kallo, Yaya. Ka kalli dandamali, idonka ya cuce ka."

Kowace sauka ana ba ta maki a allo, kullum sunansa ne a sama. Sai aka kawo na'ura mai gyara wa matuƙi hannu. Wata sabuwar matuƙiya, Maribel, wata shida kacal ta hau kansa a allo.

Orville ya rame. "Na'ura ke saukar da ita, ita zama kawai take!"

Na ce, "Au, ashe kai ma kana jin zafin a fi ka?"

Ranar ziyarar iyalai aka kai mu jirgin ruwan ni da Mama. Saukarsa ta ƙarshe ke nan kafin ritaya. In ya kama ta uku, allo ya dawo nasa. Ya ce mana, "Kashe na'urar zan yi, ku ga hannu."

Ya taho lafiya lau. Dab da sauka sai ya ɗan yi sama, ƙugiya ta tsallake wayoyin duka huɗu, ya sake tashi da ƙara. Da ya kewayo, ta farko ya kama.

Da ya fito Mama ta ce, "Ɗan nan, me ya faru?"

Ya sunkuyar da kai. "Dandamali na kalla."

Wallahi na so in tausaya masa, bakina ne ya ƙi rufuwa. A mota Mama ta dafa ni ta ce, "Kai dai Clement, kwale-kwalenka bai taɓa wuce matsaya ba."

Muna isa gida na ciro hotona daga bayan firji, na goge ƙura, na rataye a falo. Har yau ba ta ce a sauke ba.