Mai Faci da kwalin gaban mota

Shekara talatin da ɗoriya muna maƙwabtaka da Mai Faci a bakin tasha, shi da tayoyinsa, ni da teburin gyaran takalma. Ban ga wanda ya san roba kamarsa ba. Da babban yatsa yake shafa taya ya faɗa maka wata nawa ya rage mata. Kuma ba ya tauna magana. In ka kawo tayar da ta sha rana ta tsattsage, sai ka sha faɗa kafin a taɓa maka ita.

Sau ɗaya bakin nan ya ƙi buɗuwa, kuma haushi ya kusa kashe ni.

Babbar 'yarsa tana auren wani direban motar haya. A haihuwarta ta uku sai da aka yi mata aiki, da ƙyar ta sha. Likita ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu. Ƙwayar da aka fara ba ta ta tayar mata da hawan jini, sai ita da mijin suka zaɓi kwaroron roba, tunda yana hana ciki, yana kuma kare cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Uwar yarinyar ce ta gaya wa Mai Faci, shi kuma ya raɗa mini.

Wata rana surukin ya kawo faci. Mai Faci ya leƙa motar, sai ga kwalin abin a ƙarƙashin gilashin gaba, an ɗan rufe da tsumma, rana ta koɗar da shi. Ya dawo ya zauna kusa da ni yana huci.

"Zafi na kashe roba. Wannan ko iska ba zai riƙe ba!"

"To gaya masa mana."

"Surukina ne! Da wane baki?"

"Da wanda kake yi wa direbobi faɗa."

Ya ƙi. Sai ya ɗauko wata tsohuwar robar cikin taya, ya kira surukin, ya ja ta, ta tsinke.

"Ka ga abin da rana ke yi wa roba?"

"Gaskiya ne, Baba. Ai tayoyina sababbi ne."

"Ba taya kaɗai ce roba ba!"

"Haka ne, Baba. Zan duba bel ɗin injin ma."

Sati biyu ana wannan. Ya tsinka roba ta fi goma, yaron yana ta gyaɗa kai yana godiya. Na ce masa, "Kai ba ka faɗa ba, shi bai gane ba, yarinya kuma tana can." Ya ce in na isa in faɗa da kaina. Na ce ni takalmi na sani.

Ran nan 'yar ta biyo ta wajenmu daga asibiti, rungume da jariri, tana tafiya a hankali tana dafe mara. Ta gaishe mu ta wuce. Mai Faci ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Washegari surukin na tsayawa, Mai Faci ya buɗe ƙofar motar ba sallama, ya ɗauko kwalin, ya ja yaron bayan rumfa. Ya yage ɗaya ya ja. Abin ya yi danƙo, ya ɓarke a hannunsa.

"Da wannan za ka tsare mini ran 'yata?"

Gumi ya karyo wa yaron. "Baba, yara ne ke bincike a gida, shi ya sa…"

"Sayi akwati mai kwaɗo, ka ajiye a inuwa! Ka riƙa duba kwanan watan da ke jiki. Kada kuma ka shafa masa mai, mai na cin roba. Yau ɗin nan ku koma asibiti tare."

Sun koma. An gwada ta, ba ciki. Aka ƙara musu da ɗan abin nan na hana ciki da ake sa wa mace a damtse.

Wata uku surukin yana kai facinsa wani wuri don kunya, Mai Faci yana ta mitar ana lalata wa yaro tayoyi. Jaririn nan yanzu yana gudu, yana kwashe mini ƙusoshi, kuma har yau shi ne auta.