Balaraba Mai Turmi Biyu

Duk wanda ya san Dauran a shekarun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato ya san Balaraba mai yaji. In ma bai san ta ba, hancinsa ya san ƙofar gidanta, don ba a wuce wurin sai da atishawa. Yajin masu jego take dakawa, barkono da citta da masoro da kimba, ana zuwa saye tun daga Zurmi. Gajeruwa ce, ga faɗa, ga goro kullum a kunci. Harshenta kuwa ya daɗe da mutuwa. Barkonon da zai sa ƙato hawaye, ita sai ta tauna ta ce wannan ai ba shi da rai.

Turminta gadon uwarta ne, baƙi wuluk, mai nauyin da sai mutum biyu ke ɗaga shi. A gindinsa daga ciki akwai wata tsaga da ta girmi auren Balaraba. Ba ta aro, ba ta ba da aro. Yaji a cikinsa, daddawa a cikinsa, geron fura ma a cikinsa. Ta ɗauraye da ruwa ta kife, shi ke nan. Mata sun sha ce mata ta sayi na biyu, ta ce uwarta da turmi ɗaya ta yi zamanta, su wa suka fi ta tsabta?

Haihuwa biyar ta yi wa mijinta, marigayi Ladan. Ta fari, Ramatu, da ta isa yaye aka kai ta Sakajiki wurin uwar Ladan kamar yadda aka saba, ta dawo bayan wata biyu da kumatu. Kafin a yi na biyu tsohuwar ta rasu, sai Balaraba ta riƙa yaye 'ya'yanta da kanta. Su huɗu, ɗaya bayan ɗaya, hanya guda suka bi. A cire su daga nono, a kawo kunu, su kau da kai. A yi musu ɗura, a kwantar da yaro a cinya a toshe masa hanci har ya haɗiye. Sai gudawa, sai rama, sai makara. Gari ya ce wabi take yi. An sha rubutu, an yi turare, an yi sadaka. Ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. Ta wanke hannu ta koma daka.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ana ta ɗibar mutane a motoci zuwa Gusau, Ramatu ta haifi 'ya mace, kwana uku ta ce ga garinku nan. Aka sa wa jaririyar Mardiyya. Asabe, matar ƙanin uban, tana goyo a lokacin, ta haɗa da nata ta shayar. Wata takwas ana lafiya, sai ciki ya bayyana a jikin Asabe. Tsofaffi suka ce nono ya ɓaci, a cire yaran yau ba gobe ba. Na Asabe aka kai wa uwarta. Mardiyya kuwa, ubanta Armiya'u ya saɓo ta a kafaɗa ya kawo wa Balaraba, ya durƙusa ya ce, "Inna, ga ta. Ba ni da wanda ya fi ki."

Balaraba ta karɓa. Duk abin da ya rage mata a duniya ke nan, ɗan abin da bai fi tulu nauyi ba.

Ba ta yi wasa ba, wallahi. Ta surfa gero, ta wanke, ta jiƙa, ta daka shi lilis da soyayyar gyaɗa, ta tace, ta dama. Ta ɗanɗana ta ji zam-zam. Mardiyya ta karɓi ludayin farko, ta yamutsa fuska, ta tsandara kuka, ta kau da kai. Balaraba ta san wannan kau da kan. Sau huɗu ta gan shi.

Kwana shida ana abu ɗaya. Wuyan yarinyar ya fara langaɓewa, maɗigarta ta faɗa. Maƙwabta suka ce a yi ɗura. Balaraba ta kwantar da ita a cinya, ta kai yatsu ga hancinta, sai hannun ya ƙi. Ta aika wa Kulsumu, wata Bafulatana matar Maccido da ke kawo nono daga ruga, ta riƙa kawo madarar safe. Amma maimakon ta ba yarinyar madarar haka nan, sai ta zuba ta cikin kunun don ya ƙara auki.

Ran na bakwai Kulsumu ta iso da hantsi, rana ta dake ta, ta sauke ƙwarya ta roƙi abin jiƙa maƙoshi. Balaraba ta tura mata ragowar kunun da Mardiyya ta ƙi. Kulsumu ta kurɓa sau ɗaya, ta yi tari, ta goge baki da gefen zane.

"Inna, ɗiyar kika ba wanga? Ai da tonka cikinai."

"Barkono? Ke dai Fulani, ruwan randa ma yaji gare shi a bakinku."

Kulsumu ba ta yi dariya ba. Ta ce ita bakinta nono ya sani da fura, kuma ga leɓenta nan yana zafi. Balaraba ta karɓi ƙoƙon ta kurɓa, ta juya a baki, ba ta ji komai ba. Ta tashi ta jawo turmin, ta ɗauko tsinke ta sa cikin tsagar nan ta gindinsa ta ƙwaƙulo. Abin da ya fito jajir ne, danƙararre, yajin shekara arba'in. Busasshen daka ba ya tayar da shi sosai. Jiƙaƙƙen gero kuwa tsotso shi yake yi.

Ta daɗe tsugune da tsinken a hannu. Da ta miƙe, abin da ta fara yi shi ne ta ba Mardiyya madara zalla. Yarinyar ta sha kaɗan ta yi barci.

Washegari kasuwar Ƙaura ke ci. Balaraba ta sa aka kama akuyarta guda aka sayar, ta bar Mardiyya hannun Asabe da ƙoƙon madara, ta ce wa Kulsumu sai ta raka ta, don harshen aro take so. Lokacin ana ta maganar mata su bar hawa mashin ɗin haya, ga mota ba ta samuwa, suka yi zaman jira a bakin hanya har aka samu wata a-kori-kura mai ɗaukar buhuna.

Muhtari masassaƙi ya shekara talatin yana sayar da turame, bai taɓa ganin ciniki irin na ranar ba. Tsohuwa ta ɗauki turmi, ta juya, ta bi cikinsa da farce, ta miƙa wa Bafulatana ta lasa. Na farko Kulsumu ta tofar, ta ce icen da ɗaci. Na biyu an shafe shi da mai don ya yi ƙyalli, man ya yi ɗoyi. Na uku ya yi kyau a ido, Balaraba ta sa aka zuba ruwa a ciki, suka tsaya, sai ga danshi ya keto ta gefe. Muhtari ya fara ƙunƙuni, yana tambaya ko turmi suka zo saye ko miya suka zo ɗanɗanawa. Balaraba, wadda a da ba a gaya mata ɗaya ba ta mayar da goma ba, ta ce masa marainiya za ta yi wa abinci. Ya shiga can ƙuryar rumfa ya fito da wani ɗan ƙarami, fari, cikinsa sumul, da taɓaryarsa. Kulsumu ta lasa ta ce ice kawai take ji.

Sauran ba su ba ta wuya ba. Mataci mai ƙananan ido, ƙaramar tukunya mai murfi wadda miya ba ta taɓa shiga ba, kofi, da ɗan cokali daidai bakin yarinya. Wani mai tireda ya dage sai ta sayi fida, kwalbar nan mai bakin roba, wai ita matan ma'aikata ke yayi a Gusau. Ta zura yatsa ta ga bai kai gindinta ba, ta mayar masa. Ta gama da duk abin da ke da lungun da hannu ba ya isa.

A gida ta daka dussa sau uku a sabon turmin ta zubar, sannan ta sa gero. Ta dama, ta bari ya huce, ta ba Kulsumu ta ɗanɗana tukuna. Ta zaunar da Mardiyya a cinya, ta yi bisimilla, ta kai cokali.

Yarinyar ta tsotsa, ta tsaya, ta haɗiye. Sai ta buɗe baki.

Mardiyya ta rayu. Tun daga ranar ake kiran kakarta mai turmi biyu, kuma har ta bar duniya ba mai jegon da ta sayi yajinta ba ta sha faɗa a kan ta ware wa yaro turminsa ba. Ƙaramin yana ɗaki a rufe da faifai, babban yana waje, ba ta taɓa bari taɓaryar wannan ta shiga wancan ba. Ko turmin ne ya ci 'ya'yanta, ko kwanansu ne ya ƙare, Allah kaɗai Ya sani, ita ma haka take faɗa. Sai dai ta san Ramatu ce kaɗai ba ta sha kunun turmin nan ba, kuma ita kaɗai ta girma.

Asabe ce ta ba da labarin abin da ya faru a ranar kunun sabon turmin, don tana tsaye. Ta ce a cokali na biyar ta ga kafaɗun tsohuwar na rawa, hawaye na ɗiga a kan yarinyar, hannun dai bai fasa kai cokali ba. Ta ce mata, "Haba Inna, kuka kuma? Ga ta tana sha."

Balaraba ba ta ɗago ba. Ta ce, "Su ma da sun sha, Asabe. Ba ƙin abinci sunka yi ba."