Babur ɗin da Ban Hau Ba

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni ne shugaban masu haɗa babura a wani gareji da ke Konni, ga ƙuruciya, ga baki, ga ji da kai kamar ni nake ƙera baburan. Maigidanmu yakan sayo su a wargaje cikin kwali, taya daban, kai daban, notuna a ƙunshe cikin leda, mu kuwa mu haɗa, 'yan kasuwa su zo daga Nijeriya su kwasa su tsallaka iyaka. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ya ɗauko ni daga Bazaga bayan na gudu daga lakwal, wato makarantar boko, ya koya mini riƙon sifana a wannan garejin. Ranar da maigida ya ɗora ni a kan sauran ma'aikata don na fi su iya magana da baƙi, kawu ne ya fara yi mini barka. Ina rubuto muku wannan ne don abin ya daɗe yana cin raina, kuma ba ni da fuskar faɗa wa 'yan gidanmu.

Akwai wata al'ada da muka tarar a garejin. Mutum ɗaya ke haɗa babur tun daga buɗe kwali har ƙarshe. In ya gama sai ya zuba ɗan fetur, ya hau da kansa, ya bi hanyar burji mai gargada har gindin wani itacen bedi, ya taka birki da ƙarfi, ya juyo. Duk abin da bai zauna daidai ba, jikinsa zai gaya masa kafin ya dawo. In dai magini, kamar yadda muke tsokanar junanmu, ya ce ya hau, to magana ta ƙare. Ba wanda zai sake ɗora sifana a kan wannan babur, domin yin haka daidai yake da ce masa maƙaryaci a gaban jama'a. Na taɓa ganin abokai sun daina gaisawa a kan haka.

Sai kasuwa ta juya. Naira ta yi ƙasa, masu saye suka shiga matsa wa maigida ya rage farashi, shi kuma ya matsa mini in nemo inda za a rage. Abu uku ne ke cin kuɗi a sana'armu: hannun ma'aikata, kayan aiki, da ƙananan kaya irin su noti, giris da fetur. Na taɓa ganin wata bindigar iska a Sakkwato wadda ke ɗaure noti kafin ka ƙifta ido, sai na yi ta zuga maigida har ya sayo ta da injinta. Ranar da ta iso na yi ta harba ta ina dariya, yara na leƙe ta katanga. Kawu ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce abu ne mai kyau, amma ba ta jin lokacin da noti ya ƙoshi. Na ce masa a gaban kowa ai tsoron a karɓe masa tuwo ne ya sa yake kushe ta. Aka yi dariya, shi ma ya yi murmushi.

Ban san bakina ya faɗi gaskiya ba. Da bindiga ta fara aiki, sai hannuwa suka yi yawa. Na tsara aikin a jere, wannan ya sa taya, wancan ya sa kai, ni in bi da bindiga. Maigida ya ce in zaɓi waɗanda za a sallama, ni kuma na zaɓi dattawa don ba su da sauri, har da kawu. Ban iya gaya masa da bakina ba, maigida na bari ya yi. Kawu ya tattara sifanunsa a tsohon buhun shinkafa, ya yi wa kowa sallama, ya ce mini in kula da aiki.

Daga nan abubuwa suka fara bin juna. Bindigar tana cinye haƙoran notunan da ke zuwa cikin kwali, domin ƙarfensu mai taushi ne, sai muka koma sayen wasu a kasuwa, kuma masu araha nake zaɓa don kada maigida ya ce injina ya jawo asara. In wuta ta ɗauke sai a tada gurup, wato janareta, gurup kuma ya sha fetur, don haka na hana zuba fetur ɗin gwaji. Ko ba haka ba ma, wa zai hau? Babur ɗin da hannu huɗu suka taɓa ba na kowa ba ne. Hanyar bedi ta mutu ba tare da wani ya ce a kashe ta ba. Baburan dai suna fita da yawa, suna sheƙi, kuma duk wanda ya lalace can ƙetare yake lalacewa, inda kukansa ba ya iso mu.

Abin da ya hana ni sakat shi ne ganin kawu a bakin tasha yana facin taya. Mahaifiyata kuwa ta daina tambayata labarin aiki. Sai na roƙi maigida ya ba kawu babur ɗaya ya yi kabu-kabu, ya riƙa biya a hankali, maigida kuma ya yarda. Na zaɓi ja mai kyau a cikin jere, na goge shi, na tura masa har gida ina jin na wanke kaina. Kawu ya zagaya shi, ya shafa tanki, sannan ya tambaye ni ko na hau. Buhun sifanunsa na nan jingine a bakin ɗaki, ina ganinsa. Da na ce ban hau ba, da ya zauna ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya. Amma faɗin haka na nufin in amsa a gabansa cewa na kashe abin da ya koya mini. Na ce masa na hau har bedi na dawo. Ya ce to madalla, ya sa mini albarka, bai ko kalli buhun ba.

Ba a yi wata guda ba aka zo aka gaya mini kawu ya faɗi a hanyar Dogarawa, yana dawowa shi kaɗai bayan ya sauke fasinja. Tayar gaba ce ta fita. Allah ya tsare ransa, amma hannunsa na dama ya karye a wuyan hannu, mummunar karaya. Na same shi a Bazaga wurin mai ɗori, ɗaki cike da 'yan dubiya, mahaifiyata na yi masa fifita. Tun daga ƙofa na ji yana ba su labarin wata akuya da ta gifta masa, har yana kwatanta launinta, yana cewa in ya warke sai ya nemo mai ita. Mutane suna dariya suna tsine wa akuya. Ni kuwa na ga babur ɗin a hanya kafin in shigo, na ga inda notin ya zame, na san babu wata akuya.

Da mutane suka watse ya ce in matso. Ya laluba ƙarƙashin matashi da hannun hagu, ya ciro notin, ya sa mini a tafin hannu. Cikinsa sumul yake, babu haƙori ko ɗaya. Na buɗe baki zan yi magana ya hana ni. Ya ce shi dai akuya ya gani, kuma haka 'yar'uwarsa za ta sani har abada, domin ba zai sa ta zaɓi tsakanin ɗanta da wanta ba. Abu ɗaya ya roƙe ni, in tuna cewa sauran baburan da suka tsallaka iyaka, masu hawansu ma suna da 'yan'uwa. Wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai, na fita ban yi wa mahaifiyata sallama ba.

Hannun ya ɗoru, amma ya ɗoru a karkace, bai ƙara riƙe sifana ba. Na dawo da hawan gwaji a gareji, na yi rigima da maigida a kan fetur har ya haƙura. Bindigar tana nan muna aiki da ita, sai dai notin taya da na birki da hannu ake ƙarasa su. Ina kai wa kawu abin da ya sawwaƙa, yana karɓa da godiya, kuma godiyar tasa ce ta fi yi mini ciwo.

Ban ce inji mugun abu ba ne, kuma na san kasuwa ba ta tausayin kowa. Abin da na koya shi ne, in ka cire mutum ka sa ƙarfe a gurbinsa, ka fara tambayar kanka me yake yi wanda ba ka gani, domin wannan aikin ba ya zuwa a cikin kwalin inji. Ina jan kunnen duk wanda aka ba shugabanci a wurin sana'a, kada ya rage abin da ran wani ya rataya a kai don a yabe shi, kuma in ya rage, kada ya ce wa wanda ya yarda da shi bai rage ba. Har yau in an taru a gidanmu, mahaifiyata takan yi Allah ya isa ga akuyar da ta nakasa mata ɗan'uwa, ina zaune ina ji.