Matar da ta hana 'yata kallon ƙasa

Watan nan Mis Odesa ta cika shekara biyar da rasuwa. Kafin in san ta tsoro ɗaya nake kwana da shi a birnin nan na New York: kada wata rana a ƙwanƙwasa mana ƙofa a ce an zo ɗaukar Rahina.

Rahina 'yata ce ta fari. Tana da shekara biyar aka sa ta makaranta a nan Harlem, ba a jima ba aka kira ni. Malamarta ta ce yarinyar ba ta kallon kowa a ido, in an yi mata magana sai ta sunkuyar da kai. Wata mata da ke gefenta ta tambaye ni ko ana dukan ta a gida. Ni da na taso a zangon Hausawa na Kumasi, a Ghana, inda yaron da ya tsura wa babba ido ake ce masa marar kunya, me zan ce? Turancina bai kai ba. Na yi abin da uwata ta koya mini, na dubi ƙasa. Ashe su a wurinsu mai kallon ƙasa akwai abin da yake ɓoyewa. Suka ce za a sake zama.

A kan matakalar gidanmu Mis Odesa ta same ni ranar ina kuka, don lif ɗin hawa benen ya saba lalacewa. Tsohuwa ce baƙar fata 'yar ƙasar nan, doguwa, mai sanda, ɗakinta na saman namu. Ban san ko wace ce ba, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta zauna kusa da ni da ƙyar, ta saurari guntun Turancina har na gama, sannan ta ce in kawo mata yarinyar.

A hankali na san tarihinta. A kudancin ƙasar nan aka haife ta, ta zo birni tana budurwa, tana guga a gidan wanki da rana, tana rubuta wasan kwaikwayo in ta tashi. A ɗakunan ƙasa na coci-coci aka fara nuna wasanninta. Akwai ɗaya da ya yi suna har wani babban gidan wasa ya nema, labarin wata 'yar aiki ce da aka yi wa ƙazafi. Sharaɗinsu ɗaya: a ƙarshe 'yar aikin ta sunkuya ta nemi gafara, don kada ran masu kallo ya ɓaci. Mis Odesa ta kwashi takardunta ta fito, ba su sake kiran ta ba. Sai ta aro kyamara, ta tara maƙwabta da direbobi da masu shara, ta mai da wasan fim a kan titin unguwa. An haska shi a wurare kaɗan, daga nan ya koma cikin gwangwanayen ajiye fim a ƙarƙashin gadonta. Ta nuna mini shi. A ƙarshensa 'yar aikin nan ta ɗago kai ta dube ni ta cikin allo, ba ta ce komai ba, ba ta kuma ƙifta ba, har sai da ni na kau da kai.

Ranar da na kai mata Rahina, ba ta ce mata ta ɗago kai ba. Cewa ta yi, "Ƙawata, nuna mini yadda malamarku take tafiya." Yarinyar da aka ce ba ta magana ta miƙe, ta tura tabarau na ƙarya bisa hanci, ta yi gyaran murya, ta taka ɗaɗɗaya. Ta kwaikwayi babanta yana lissafin fasinjojin tasi, ta kwaikwayi ni kaina ina leƙen taga. Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Wannan ta ga kowa, ita ce ba a gani ba."

Mun yi faɗa da ita, kada ku ɗauka komai lafiya lau ne. Na ce mata ba na son a koya wa 'yata zare wa manya ido. Ta ce, "Ke a ƙasarku ladabi ne. Inda aka haife ni, da bulala aka koya wa iyayenmu kallon ƙasa." Na ce ni da ƙauna uwata ta koya mini, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Da ma ba ta saba a mayar mata da magana ba. Can ta ce, "To mu raba. Ki koya mata wanda za ta sunkuya wa, ni in koya mata ranar da ba za ta sunkuya ba."

Ita ta raka mu zama na biyu a makaranta, da sandarta da jar hularta. Ta yi musu bayanin al'adarmu kamar a zango aka yanke mata cibiya. Da aka tambayi Rahina ko ana dukan ta, ta ɗago ta dubi matar nan mai tambayar ido cikin ido ta ce a'a. Ba a sake kira na ba. Cikin Hausa duka, Mis Odesa kalma biyu ta riƙe, sannu da a'a, kuma ta ce ta biyun ta fi mata daɗin baki.

Yanzu da ba ta nan, na ji an ciro fim ɗinta an wanke, ana haska shi a manyan ɗakuna, masu ilimi suna jawabi a kanta. Ihu bayan hari. Ina suke lokacin da take hawa bene da gwiwa mai ciwo, babu mai kiran ta a waya? Da tana raye na san abin da za ta yi, za ta zauna a layin gaba ta yi ta kallon su har su rasa ta cewa. Ina kuma tunanin me za ta ce da wannan zamani da muka shiga, da baƙi ke tafiya a raɓe, kowa ya ga mota ta tsaya a ƙofar gida sai gabansa ya faɗi. Ni ma yana faɗuwa, ban warke ba. In Rahina ta yi jinkirin dawowa, ina bakin taga.

Rahina ta kai shekara sha biyu yanzu. Matasan unguwa za su yi wasan nan na Mis Odesa a zauren taro na bayan kasuwa, don tunawa da ita, kuma Rahina ce za ta fito a matsayin 'yar aikin tana ƙarama. Tun da maganar ta fita ake yi da ni. A wurin wani suna wata Hajiya da nake girmamawa ta ce mini, "'Yar nan, 'yar Musulmi a kan dandali tana zare wa jama'a ido? Wa zai kalle ta da mutunci gobe?" Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki zo ki gani tukuna." Har baban Rahina ya fara cewa ko a haƙura. Na ce masa a'a. Tun da muka yi aure ban taɓa ce masa haka kai tsaye ba, shi ma sai da ya dube ni. Daga baya ya ce shi zai kai ta da motarsa.

Tsoro na daji, kunya na gida, haka aka ce. 'Yata tana da kunya. Da ɗankwalinta za ta hau, kuma har gobe ba ta miƙa wa babba abu a tsaye. Amma ranar da aka so a raba ni da ita, ɗago kai ne ya cece mu, kuma ba zan karɓe mata shi don a daina zance na a gidan suna ba. Mis Odesa ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Gwangwanayen ma wasu sun kwashe. Abin da ta bari a wurinmu yana idon yarinyar nan.

Roƙona gare ku, iyayena da yayyena na Harlem da Bronx, ku zo ku zauna ku kalla kafin ku yanke mata hukunci. In an tashi za ta sauko ta durƙusa ta gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, wannan ni na koya mata. Amma in tana kan dandali ta ɗago ta dube ku, don Allah kada ku kau da kai.